Garkuwar jiki tana da tunani, ƙyanda kuma tana goge shi

Cikin duk abin da na karanta a kan garkuwar jiki, labarin tsibiran Faro, da ke arewacin tekun Atlantika, ne ya fi tsaya mini a rai. A 1846 ƙyanda ta shiga can, ta kwantar da mutum fiye da 6,000 cikin kusan 7,800. Wani matashin likita ɗan Danmak, Peter Panum, ya lura cewa tsofaffin da suka yi ta a annobar 1781, ko ɗayansu bai sake kamuwa ba. Shekara 65 rabonsu da cutar, amma jikinsu bai manta ta ba.

Ga yadda abin yake. Idan ƙwayar cuta ta ƙetare fata ko majina ta shiga jiki, akwai fararen ƙwayoyin jini da ke afka mata nan take, ba ruwansu da ko wace ce. Zazzaɓi da kumburi na cikin alamun wannan artabun. Sannu a hankali sai wani rukunin ya nazarci kamanninta, ya haɗa sinadarin kariya da ya dace da ita kaɗai. Wannan yakan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu, a nan ne mutum ke shan wuya. Bayan an warke, wasu daga cikinsu, waɗanda ake kira ƙwayoyin tunani, sukan zauna da shaidar cutar, ranar da ta dawo su murƙushe ta tun ba a ji ciwon kai ba. Allurar rigakafi wannan darasin take koya wa jiki, da ƙwayar da aka raunana, ko aka kashe, ko wani ɓangare nata.

Shi ya sa raina yake sosuwa idan na ji an ce a bar yaro ya yi ƙyandarsa sau ɗaya ya huta. Gaskiya ne da wuya ya sake yin ta. To amma ƙyanda ƙwayoyin tunanin nan take kai wa hari. Binciken da aka wallafa a 2019 kan yaran Holan da ba a yi wa rigakafi ba ya nuna ta shafe musu kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na ire-iren sinadaran kariyar da suka tara. Yaro ya tashi daga ƙyanda, sai ciwon huhu ko gudawa su same shi ba shiri.

Ga ta da saurin yaɗuwa. Mutum ɗaya kan harbi 12 zuwa 18 inda ba kariya, ƙwayar kuma takan yi har awa biyu a iskar ɗaki bayan fitar maras lafiya. Sai kashi 95 cikin ɗari na jama'a sun samu kariya take rasa hanyar kaiwa ga jariran da ba su isa allura ba.