Saƙon godiya bayan lafawar ciwon Afolo a unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdulillah, ciwon idon nan da ya zagaye unguwa a ƙarshen damina ya lafa, yara sun koma makaranta, baƙaƙen tabarau sun koma cikin akwati. Mu 'yan kwamitin lafiya na unguwa muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu, kuma za mu ambaci abin da kowa ya yi, domin Afolo baƙo ne mai dawowa.

Godiyarmu ta farko ga mai unguwa da limamai, Allah ya ƙara girma. Sanarwar da aka riƙa yi bayan sallah ita ce ta karya maganar nan da ta daɗe a bakin mutane, wai kallon idon mai ciwo ke sa a kamu. Ba a ɗaukar Afolo da kallo, da hannu ake ɗauka. Mai ciwo ya murza idonsa, ya kama mariƙin buta ko ya miƙa hannu a gaisa, na gaba ya taɓa ya kai nasa idon, shi ke nan. Daga nan zuwa bayyanar ciwon ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa gida guda ke kwantawa cikin mako. Ƙwayar cutar bairos ce, yawanci wadda ake kira Enterovirus 70 ko 'yar'uwarta Coxsackie A24. A Ghana aka fara ganin annobar a shekarar 1969, daidai lokacin da kumbon Amurka Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, sai mutane suka laƙaba mata sunan kumbon, ga shi har yau da shi muke kiranta. Tabarau kuwa yana rage zafin haske, yana kuma hana hannu saurin kaiwa ido, amma ba ya tare cuta. Wanda ya ari tabaran mai ciwo ma ya ari ciwon.

Muna gode wa malaman Islamiyya da alarammomi da suka yarda aka sallami yaran da idonsu ke zuba har sai da zubar ta tsaya, aka kuma ajiye sabulu kusa da wurin alwala. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 ya fi man nan na shafawa mai sinadarin barasa aiki a kan irin wannan ƙwayar, don ba ta cika jin sa ba. Masu ga-ruwa da suka riƙa cika randunan tsangaya ba tare da ƙarin kuɗi ba, Allah ya sa a mizani.

Iyayenmu mata su suka ɗauki mafi nauyin aikin. An raba tawul, an raba hankici, an canja rigar matashin kai kullum ana wankewa da ruwan zafi ana shanyawa a rana, an kuma ɓoye tandun kwalli, wanda shi ne babban dillalin ciwon nan a tsakanin mata da jarirai, tunda tsinken kwalli ɗaya ke bin idon kowa. Yadda suka riƙa goge ido ma daidai ne: a tafasa ruwa a bar shi ya huce, a tsoma auduga mai tsabta, a shafo daga gefen hanci zuwa waje sau ɗaya a yar, kowane ido da nasa audugar. Bayan haka a ɗora tsumma mai sanyi a kan rufaffen ido na 'yan mintoci don kumburi da raɗaɗi su sauka. Ainihin Afolo ba ya buƙatar fiye da wannan, sai farasitamol idan akwai ciwon kai. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yake warkewa da kansa. Jinin nan da ke kwanciya a farin ido yana ba da tsoro, amma jiki ne ke shanye shi a hankali, ba ya shafar gani.

Mun fi gode musu a kan abin da suka ƙi yi. Duk shekarar da ciwon nan ya zo, shawarwari sun fi ciwon yawa: a ɗiga fitsari, a ɗiga ruwan sukari, nonon uwa, ruwan albasa, har da ruwan batir. A asibitocin ido, makantar da ke biyo bayan Afolo galibi daga nan take fitowa. Fitsari yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda idan ta shiga ido take iya huda baƙin idon cikin 'yan kwanaki. Ruwan batir ƙuna ne kai tsaye. Sukari da nono abinci ne ga ƙwayoyin da ke jiran ƙofa. Ido ne da aka bar shi da ya warke sumul, sai a wayi gari da hakiya wadda ba ta goguwa. Kuma da yake ciwon na warkewa da kansa, wanda ya ɗiga wani abu ya tsira sai ya ɗauka abin ne ya yi masa magani, ya je yana ba wasu shawara.

Masu kemis na unguwa, mun san kun yi asarar ciniki da kuka daina sayar da maganin ɗigawa mai dexamethasone ko betamethasone ba tare da takardar likita ba, kuma mun san an yi muku ƙorafi. Mun gode ƙwarai. Waɗannan magunguna suna wanke jan ido cikin kwana ɗaya, shi ya sa ake son su. Amma idan akwai gyambo a baƙin ido, faɗaɗa shi suke yi, kuma yawan amfani da su na kawo hawan jinin ido da yanar ido. Sau da yawa ana haɗa su da wani magani a kwalba ɗaya, don haka a karanta jikin kwalin kafin a biya.

Ma'aikatan ƙaramin asibiti sun yi ƙoƙari wajen tantancewa, domin ba kowane jan ido ne Afolo ba. Na bairos hawaye ne tsinkakke, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi, ya fara da ido ɗaya ya tsallaka ɗayan. Idan kwantsa ce mai kauri, ruwan ɗorawa ko kore-kore, har ido ya manne da asuba, to ta bakteriya ce, kuma ita ce ake ba wa kuloramfenikol na ɗigawa mai ƙarfin 0.5% ko man tetirasaikilin mai 1%, yawanci na kwana biyar zuwa bakwai. Na ɗigawar yana son firji, don haka gidan da babu wuta man ya fi masa. Akwai kuma na ƙura da hayaƙi, wanda zai ƙaru da shigowar hunturu: ƙaiƙayi ne mai tsanani a ido biyu, wani lokaci da atishawa, ba a ɗaukarsa daga wani, maganin ƙwayoyin cuta kuma ba ya yi masa komai. Wajen ɗiga magani, a wanke hannu, a ja fatar ido ta ƙasa, a sa ɗigo ɗaya tak, kada bakin kwalba ya taɓa ido ko gira, sannan a rufe idon minti ɗaya ana danne gefen hanci. Kwalba ɗaya ta mutum ɗaya ce.

Ungozomominmu, Allah ya saka da alheri da kuka riƙa tura jarirai asibiti ba tare da jira ba. Jaririn da bai cika kwana 28 ba, idan idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya, wannan ba Afolo ba ne, kuma a ranar ake kai shi, ba a bari sai gobe.

Akwai 'yan ragowar masu ciwo, don haka muna roƙon a ci gaba da lura. Wanda ganinsa ya dusashe, ko yake jin ciwo a can cikin ido, ko ya kasa buɗe ido a haske, ko aka ga farin tabo a kan baƙin idonsa, ko ya wuce mako biyu bai samu sauƙi ba, ya tafi asibitin ido kai tsaye, ya riƙe duk abin da ya ɗiga don likita ya gani. Kwalaben da suka rage a gida kuma a zubar da su, domin maganin ɗigawa ba ya wuce mako huɗu da buɗewa. A wanke tandun kwalli da tsinkensa da sabulu, a zuba sabo.

Waɗanda muka manta ba mu ambata ba su yi mana afuwa. Allah ya ƙara lafiya, ya bar zumunci, amin.

Kwamitin Lafiya na Unguwa