Asabar, ranar wankin lagireto

Tun makon jiya nake ta zan yi zan yi, yau dai Allah ya nufa na zauna wa motar nan na canza mata ruwan lagireto. Ba wai zafi take yi ba, allurar zafin inji tana nan tsakiya inda ta saba tsayawa, kawai ranar da na buɗe bonet zan duba baƙin mai ne na leƙa robar nan ta gefe da ake ƙara ruwa, naga abin ya koma ja-ja baƙi-baƙi kamar ruwan kududdufi bayan an ɗauke ruwan sama, ga wata dauɗa kwance a ƙasa. Motar ta 1998 ce, kuma wanda na saya a hannunsa da bakinsa ya gaya min ruwan famfo yake ɗura mata duk sanda ya ragu, yana faɗa yana alfahari wai bata taɓa ba shi matsala ba. Toh ai tsatsa bata sallama in zata shiga. Injin irin nata jikinsa ƙarfe ne kansa alminiyam, ƙarfe iri biyu cikin ruwa ɗaya ga zafi, in babu maganin tsatsa a ciki a hankali suke cin juna. Mutane sun ɗauka kulan, wato ruwan maganin nan mai kala da ake sawa a lagireto, don sanyaya inji ake zuba shi, alhali ruwa zalla ma ya fi shi ɗaukar zafi. Aikinsa shine ya hana tsatsa, ya ɗaga inda ruwan zai tafasa, ya hana shi daskarewa a inda ake sanyi. Kuma maganin tsatsar ƙarewa yake yi, irin tsohon koren nan shekara 2 ake ba shi, na zamani masu daɗewa su kai 5.

Tun daren jiya ban tada ta ba don ina son injin yayi sanyi ƙalau. Ƙanina ne ya fito taya ni, yana zuwa yace Yaya ba gara a tada ta tayi zafi ba dattin ya fi fita? Nace masa zamu zo wajen, amma murfin lagireton nan ba'a taɓa shi da zafi. Na nuna masa 0.9 ɗin da aka buga a saman murfin, nace matsi kenan da yake riƙewa, shi yasa ruwan ciki yake wuce digiri 100 bai tafasa ba. Ka murɗe shi a wannan halin matsin ya tafi lokaci ɗaya, ruwan ya tafasa nan take ya feso maka a fuska da hannu. Yayi shiru, da alama ya taɓa gani.

Na tura roba mai faɗi ƙarƙashi na kwanta na laluba magudanar da ke ƙasan lagireton. Ta roba ce mai ƴan kunnuwa biyu, kuma robar da ta sha zafi shekara da shekaru bata da tabbas, ka sa mata filaya kunnen ya ɓalle ka shiga uku. Da yatsa na dinga lallaɓa ta, gaba kaɗan baya kaɗan, har ta saki. Farko ɗis ɗis kawai take yi, ashe laka ce ta toshe bakin, na sa ɗan siririn waya na zungura, ƙanin nawa ya cire murfin sama, sai gashi ya ɓalle shaaa har ya fantsalo min a wuyan riga. Wari ne da shi na ƙarfe da ya daɗe a jiƙe, da ya lafa kuma na karkata robar naga ɓarɓashin tsatsa a gindi, na murza da yatsa naji shi garas-garas.

Nan ne abin da ya fi tsaya min a rai yau. Littafin motar yace duka-duka tana cin lita 6, na juye abin da ya fita a galan mai awo ko lita 3 bai cika ba. Yace Yaya ina sauran? Sauran yana cikin jikin injin da cikin hita, wannan ƴar ƙaramar lagireton da ke ɓoye bayan dashbod, da tiyo-tiyon da ke kai mata ruwa. Wato wanda ya buɗe ƙasa ya zubar ya cika da sabo ya rufe, rabin tsohon ruwan yana nan yana jiran sabon ya zo su gauraya. Akwai wani noti a jikin injin da ake kwancewa ruwan ciki ya fita, na haska shi da tocila naga yadda tsatsa ta cinye kansa, na ɗora sufana na ɗan gwada naji ko gezau, nace a'a zauna lafiya. In ya karye a ciki aikin yini ɗaya ya zama na sati.

Muna cikin haka sai ga dattijon nan maƙwabcinmu, tsohon bakanike ne ya aje aikin, amma in yaji ƙarar sufana baya iya zama. Sannunku da aiki yara, me ya same ta? Nace Baba lafiyarta ƙalau wanka ake mata. Ya leƙa robar ya girgiza kai, ya hango kwalbar maganin wanke lagireto da na aje a gefe ina ta wasi-wasi a kanta, yace ɗana in zaka ji tawa kar ka zuba mata wannan, tsohuwar mota wani dattin shi ya toshe mata ƙananan huji, ka wanke shi da ƙarfi gobe ka tashi ka tarar da ruwa a ƙasa, in ma hitar ce ta fashe sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Wallahi na yarda da shi, dama zuciyata bata kwanta ba, na mayar da kwalbar but. Sai kuma ya ƙara da cewa tunda na riga na buɗe in cire tamostat in jefar, ba abin da yake yi sai jawo zafi. Nan kam nace to Baba za'a duba, don ba zan tsaya musu da shi a gaban yaro ba, amma ba zan cire ba. Tamostat ɗin nan a rufe yake har ruwa ya kai wajen digiri 82 sannan ya buɗe, shi ke sa injin ya kai zafin da aka ƙera shi yayi aiki a kai da wuri. Ka cire shi injin ya daɗe yana aiki da sanyi, ya sha mai, ya ci kansa. In ya lalace canza shi ake yi.

Daga nan sai aikin haƙuri. Na rufe ƙasa na cika da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙarawa batir, amma fa ruwan zalla ba mai asid ba, sai da na karanta jikin galan ɗin da kyau. Ruwan famfo ko na rijiya akwai gishiri-gishiri a ciki da ke daskarewa ya zama farin ɓawo a ƴan siraran hanyoyin lagireto. Na murɗa hita zuwa ƙarshen zafi don ruwan ya ratsa ta cikinta, na tada mota, muka tsaya ina taɓa babban tiyon sama. Ya daɗe a sanyi, can sai naji ya ɗau zafi lokaci ɗaya, tamostat ya buɗe kenan ruwa ya fara zagayawa. Na barta ta ɗan ƙara na kashe. Sai jira. Jiran nan shi ya cinye yinin, don sai ta huce zaka sake buɗewa, kuma ba'a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan alminiyam yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ƙanin nawa ya gaji ya shige ciki ya bar ni. Haka nayi ta yi, cika, tada, jira, zubar, ruwan yana sauka daga ja zuwa ruwan ƙasa zuwa ɗan rawaya-rawaya, har ya zo yana fita ina hango gindin roba ta cikinsa.

A tsakanin jiran na ciro robar gefen na wanke da burushin kwalba, sai yau naga layin sama da na ƙasa da aka zana a jikinta. Na bi tiyo-tiyon ina matsawa, na ƙasa yana nan da ƙarfinsa, na sama kusa da kilif ya ɗan kumbura yayi laushi, dama na sayo sabo na canza. Murfin ma robarsa ta tsattsage, na sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon.

Maganar wane kulan za'a zuba kuwa, kala bata nufin komai, rini ne kawai. Toyota suna da ja suna da ruwan hoda, na General Motors da ake kira Dex-Cool ruwan lemo ne, Volkswagen suna da G11 da G12, kuma zaka iya samun guda biyu kala ɗaya haɗinsu daban. A cikin sinadaran hana tsatsa, kamfanonin Japan galibi suna guje wa silikat, na Turai kuma fosfat suke gudu saboda ruwansu akwai gishiri-gishiri da yawa a ciki. Ni dai abin da littafin ya rubuta na bi na duba bayan galan. Kuma da gangan na sayo mai kauri wanda ba'a sirka ba, don lissafin a fili yake: bayan wanki akwai wajen lita 3 na ruwa zalla maƙale a cikin injin, in na zuba wanda aka riga aka sirka rabi da rabi, abin da zan samu a ƙarshe kashi 25 ne cikin ɗari, ya tsinke da yawa. Sai na auna lita 3 na mai kaurin, rabin abin da motar ke ci, ya haɗu da ruwan da ke ciki ya ba da rabi da rabi. Wannan haɗin baya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, tafasarsa kuma ta haura ta ruwa, in aka haɗa da matsin murfi ya wuce 120. Zuba shi zalla ba gwaninta bace, baya ɗaukar zafi yadda ya kamata.

Na kafa mazurari a bakin lagireton na dinga zubawa siriri siriri ina matsa tiyon sama yana ɓul ɓul. Bai shige duka ba, ragowar na zuba a robar gefe. Na tada ta murfi a buɗe hita a kunne ina kallon kumfa. Nan gabana ya ɗan faɗi don kumfar taƙi tsayawa da wuri, kuma kumfa mai fitowa ba ƙaƙƙautawa alamar gasket ɗin kai, wato abin da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, ne ya ƙone. Na zaro sandar baƙin mai na duba, baƙi ne yadda yake ba fari-fari ba, na zagaya baya salansa bata fitar da farin hayaƙi. Can tamostat ya buɗe, ruwan mazurarin ya zurma ƙasa lokaci ɗaya, wata ƙatuwar iska ta fito, daga nan shiru. Na ƙara, na sa hannu a bakin hita naji iska mai zafi sosai, fanka ta tashi ta kashe kanta. Alhamdulillah. Na rufe na ɗan zaga da ita na dawo, allura bata motsa daga gurinta ba, na haska ƙasa ba ɗigo.

Wajen kwashe kaya ne na hango kyanwar maƙwabta tana shinshina inda ya fantsala, na kore ta da gudu na kwara ruwa na goge wajen tas. Abin nan etilin gilaikol ne, zaƙi ne da shi kuma guba ne, kaɗan ya isa ya kashe ƙodar kyanwa ko kare, yaro ma haka. Tsohon ruwan duk na ɗura a galan na ɗaure bakin na rubuta GUBA da babban baƙi na ɗora can sama inda hannun yara baya kaiwa, sai Litinin in kai inda ake karɓar irinsa, ba zan zuba a kwata ba. Gobe da safe kafin in tada ta zan sake buɗe murfin in duba, don in ta kwana ta huce takan ja ruwa daga robar gefe ya ragu, na bar rabin galan a sirke saboda haka. Bayana ciwo yake, bari in watsa ruwa in kwanta.