Takardunka sun koma rakursi a kile? Dakata, kada ka goge komai

A Damagaram, yawancin birus ɗin da ke shiga kwamfuta a kan kile yake zuwa. Ɗalibin Jami'ar André Salifou ya kai rubutunsa shagon buga takardu, malamin makaranta ya karɓo jadawali daga abokin aikinsa, wani ya je bakin Kasuwar Dole an zuba masa karatu ko waƙa. Da dawowa gida sai a tarar manyan fayil duk sun zama rakursi, masu ƴar kibiya a gefe. Nan hankali ke tashi, a ruga wajen mai gyara a ce ya yi formataj. Wannan gaggawar ce ke cinye takardu, domin birus ɗin bai share su ba, ɓoye su kawai ya yi.

Ga yadda yake aiki. Ɗan ƙaramin fayil ne, galibi mai ƙarewa da .vbs ko .js. Yana sa wa takardunka alamar ɓoyewa, ya ajiye rakursi masu sunansu. Kana danna ɗaya, takardar za ta buɗe kamar ba komai, shi kuwa ya kwafe kansa cikin kwamfutar, ya shiga sahun abubuwan da ke tashi tare da Windows. Daga nan duk kilen da aka soka ya kamu. Shi ya sa wanke kile kaɗai kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Fara da kwamfutar. Zare kile, ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, tagar da ke nuna abubuwan da ke aiki a kwamfutar za ta buɗe. A shafin Détails nemi wscript.exe, ka tsaida shi. Shi kansa na Windows ne, kada ka goge shi. Birus ɗin ne ke hawansa. Koma shafin Démarrage ka kashe duk abin da ba ka san sunansa ba, musamman wanda ba a nuna kamfanin da ya yi shi ba. Sai ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta shell:startup, ka share duk wani .vbs ko baƙon rakursi da ka gani a ciki.

Yanzu buɗe Sécurité Windows, ka sabunta shi tukuna, don riga-kafin da ya shekara bai ga intanet ba bai san sababbin cututtuka ba. A cikin Options d'analyse zaɓi binciken hors ligne na Microsoft Defender. Kwamfutar za ta mutu ta sake tashi, ta yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ya buɗe, lokacin da birus bai farka ba balle ya ɓuya. Tabbatar batir na da caji, kar wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki.

Sannan ne za ka soka kile, ba tare da danna komai a ciki ba. Duba harafin da aka ba shi, a ce E. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta cmd, a baƙar tagar da za ta buɗe ka rubuta wannan, ka sa harafin kilenka a madadin E:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Takardunka za su fito, wani lokaci cikin babban fayil marar suna. Share rakursin duka, da .vbs, da autorun.inf in akwai. Haka za ka yi wa kowane kile da katin memori na gidan.

Idan matsalar tallace-tallace ce da ke faɗowa, ko shafin farko na Chrome ya canza da kansa, AdwCleaner na Malwarebytes kyauta ne kuma yana share su. Ka kuma cire extensions, wato ƙananan manhajojin da ake maƙala wa Chrome, waɗanda ba kai ka sa ba. Riga-kafi biyu masu gadi lokaci guda kuwa nauyi kawai suke ƙara wa na'ura, ɗaya ya isa.

Wanda na fi jin tsoro shi ne mai kulle takardu, irin STOP/Djvu, da ke zuwa cikin Office da wasanni na sata, waɗanda ake ce maka ka kashe riga-kafi kafin ka ɗora su. Yana ƙara wa kowane fayil baƙuwar wutsiya, ya bar saƙo mai suna _readme.txt yana neman kuɗin fansa. Cire birus ɗin ba ya buɗe takardun. Kada ka biya. Kwafe kullallun fayil ɗin a wani faifai ka adana, ka gwada manhajar buɗe su ta kyauta ta kamfanin Emsisoft, ko da yake wasu kaɗai take iya buɗewa. A nan kam, bayan ka kwashe su, formataj ya halatta. Sai dai mai gyara kar ya mayar maka da Windows 7, wanda Microsoft ya daina toshe ɓarakarsa tun 14 ga Janairu 2020. Kuma ka canza kalmomin sirrinka na Gmail da Facebook daga waya, don wannan birus yakan zo tare da ɓarawon kalmomin sirri.