Zakunan talabijin daban, na Waza daban

Duk wanda ya saba kallon tashoshin namun daji zai ɗauka haka zaki yake ko'ina, zakanya bakwai takwas a kwance gindin bishiya, ƴaƴa na ta wasa da jelar uwa, ga maigida can gefe da gezarsa yana ta hamma. To ai yawancin hotunan nan daga Serengeti ne a Tanzaniya ko Masai Mara a Kenya, inda nama yake jibge. Wasu wuraren, irin gandun dajin Waza na arewacin Kamaru, ba haka abin yake ba sam.

Da can ana cewa farauta ce ke haɗa su, wai sai da taron dangi ake kada ɓauna. Amma masu binciken zakunan Serengeti, aikin da George Schaller ya fara a 1966 daga baya Craig Packer ya ɗora, sun gano babban dalilin fili ne. Inda rafuka suka haɗu akwai ruwa har da rani, akwai duhuwar ɓoye ƴaƴa, kuma dole jakin dawa da ƴan uwansa su zo sha, to nan ake musu kwanto, garken da yafi yawan mata shi ke riƙe irin wannan wuri, marasa yawa kuma a kora su fili fetal inda ƴaƴansu basa rayuwa sosai. Har gwaji akayi fa, aka kunna musu rurin baƙin zakuna a lasifika, in sunji sunfi masu rurin yawa sai su tunkari wajen, in ba haka ba kowa ya noƙe. Wato har lissafi suke yi.

A hamadar Kalahari ta kudancin Afirka kuwa nama a warwatse yake, sai garken ya rarrabu biyu-biyu uku-uku a faɗin ƙasa mai girman gaske. A dajin Gir na Indiya ma maza harkarsu daban mata daban, sai lokacin barbara ko in an kada babbar dabba ake haɗuwa.

Sai ɗan Adam ya shigo. Kun tuna Cecil, zakin gandun Hwange a Zimbabwe da wani likitan haƙori Ba'amurke ya kashe a 2015? Duniya tayi ta surutu kan zaki ɗaya, amma ni abin da yafi damuna shine irin abin da ke biyo bayan kashe babban namiji. Mazan da ke tsaron garke in suka rage, baƙin maza sai su ƙwace gidan, kuma abu na farko da sukeyi shine kashe ƴaƴan da suka tarar don matan su dawo barbara da wuri. Kaga harsashi ɗaya kan iya tafiya da ƴaƴan shekara guda. A 1994 ma cutar da ta fito daga karnukan ƙauyuka ta kashe zakuna wajen 1,000 a Serengeti.

Mu nan yankinmu lamarin yafi muni. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya basu wuce wajen 400 ba, mafi yawansu a gandun W, Arly da Pendjari da ya haɗa Nijar, Burkina Faso da Benin, sai ƴan tsiraru a Yankari da Kainji da Senegal. A Waza ta arewacin Kamaru da wuya kaga garke babba, mafarauta sun cinye gwanki da barewa, zakunan suka koma bin shanu, kuma mai satar saniya cikin dare baya son taro. Ni dai bana ganin laifin makiyayi shi kaɗai, mutumin da aka kada masa saniya ba wanda zai biyashi, shi yasa wasu ke barbaɗa guba a mushen. Kuma da yake zakuna tare suke cin abinci, mushe ɗaya sai ya kwashe uwa da ƴaƴa da ƙannenta, har kuraye da ungulun da suka zo kalace.