Hotunan jikokin Inna a kan ƙyalle

Tun kafin azumi na ƙudurta zan ɗinka wa Inna bargon ƙyallaye, in jera hotunan jikokinta a tsakiyarsa, sai ga shi zaɓen firinta ya ci mini lokaci fiye da ɗinkin kansa. Na sayo farin yadin auduga a Kasuwar Wunti, na yanka shi daidai girman takardar A4, sannan na manna shi da dutsen guga a jikin takarda mai santsi domin ya yi tauri.

Gwajin farko, da firintar aro, ya ba ni kunya. Hoton ya fito tas, amma ina tsoma shi a ruwa fuskar autan jikokin ta dagule, ruwan bokitin ya koma shuɗi-shuɗi. Ashe tawadar inkjet, wato firinta mai fesa tawada, iri biyu ce: akwai ta rini, wadda ke narkewa a ruwa, akwai kuma mai ƙwayoyin garin launi, wadda ake kira pigment, irin DURABrite ta Epson, wadda ke maƙalewa a zare kuma ta fi jure rana. Wasu firintocin ma baƙar tawadarsu kaɗai ce pigment, don haka sai da na karanta jikin kowace kwalba.

Daga ƙarshe na ɗauki firinta mai karɓar takarda ta bayanta, saboda ƙyallen ba ya lanƙwashewa sosai a cikinta. Yanzu nakan bar hoto ya kwana ya bushe, in goge shi da dutsen guga, sannan in wanke. Hotuna tara sun kammala, saura uku.