Da jirgin da ya fi ƙasa nake lissafi

Ƙaramin kamfani ne gare ni a jihar Teksas ta Amurka, da jiragen sama biyu ƙirar Piper Cherokee. Ina koya wa matuƙa tashi a jere, jirgi dab da jirgi, wasu da nasu jiragen suke zuwa. Wani sa'in kuma a kira mu mu ratsa ta saman taro, bikin gari ko jana'izar tsohon soja. Duk wanda ya kira, roƙonsa ɗaya: "Don Allah ku sauko ƙasa sosai, mutane su gan ku."

Sai in karanta masa sashe na 91.119 na dokokin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka. Inda gidaje suka cunkushe, ko jama'a suka taru a fili, sai ka ba da ƙafa 1,000 bisa abin da ya fi komai tsawo cikin tazarar ƙafa 2,000 kewaye da kai. A sauran wurare ƙafa 500 ne daga ƙasa. A kan ruwa ko dajin da ba kowa kana iya yin ƙasa da haka, amma kada ka kusanci mutum, mota, kwalekwale ko gini da ƙasa da ƙafa 500. Jeri bai da wani rangwame. Mai son a sauka fiye da haka sai ya nemi izinin hukuma a rubuce.

Ga inda sababbi ke tuntuɓe. Matuƙin da ke bin jagora ba ya kallon ƙasa, ba ya kallon ma'aunin tsayi. Idonsa na kan fiffiken jagora, hannunsa na kan maƙura, wato abin ba inji wuta, yana ƙarawa yana ragewa kaɗan-kaɗan. Kuma yawanci ƙasa da jagora yake zama. In aka karkata za a juya, na cikin kwana ya ƙara nutsewa. Jagoran da ya tsaya cif a kan 500 ya riga ya jefa na bayansa cikin laifi, wataƙila ma cikin wayar lantarki.

Na taɓa yin wannan kuskuren da nake sabon jagora. Mun juya a kan gonaki da yamma, rana na dukan ido. Bayan mun sauka, abokina ya ce ya hango wayoyin da ke riƙe da hasumiyar sadarwa sun gifta ta ƙarƙashin fiffikensa. Ya yarda da ni, ni kuwa nawa ma'aunin kawai na duba. Ranar ban iya cin abinci ba. Tun daga nan nake ƙara ƙafa 200 a kan abin da doka ta nema.

Sashe na 91.111 kuma ya ce sai matuƙin kowane jirgi ya amince tun kafin a haɗu, ya kuma hana ɗaukar fasinjan kuɗi a cikin jeri. Wannan na hana mu ciniki, don masu biki kan so mu ɗauki ɗansu su biya. Nakan ba su haƙuri, in ce washegari ya zo mu zaga da shi a jirgi guda.