Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jan Biro

Makon jiya na tsaya a inda muka samu zauren yin wasan kwaikwayo. To, saura izini.

Baba yakan ce ni ɗan FESTAC ne, wato bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Najeriya. A 1977 ya saɓa ni a wuya muka kalli hawan daba a nan Kaduna, ga baƙi baƙaƙen fata daga ƙasashen duniya, wasu ko sannu ba sa ji. Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin ma an rushe shi a 2020, amma wannan zancen wata rana ne. Tun daga bikin nan maganar baƙar fata ta shige ni.

Shi ya sa da muka kafa ƙungiya, wasanmu na farko ya zama kan takardar izinin yawo da turawan Afirka ta Kudu suka ɗora wa baƙaƙe. Mun ji yadda aka kama 'yan wasan kwaikwayo John Kani da Winston Ntshona a yankin Transkei na ƙasar a 1976 saboda wasa, sai muke jin mu ma maza ne.

Jami'in da ke duba rubutu ya gyara tabarau yana karantawa yana gyaɗa kai.

"Madalla, samari! Botha kam ku yi masa tas." Shugaban gwamnatin turawan yake nufi.

Sai ya iso shafi na 14. A nan ne wani yaro haifaffen Tudun Wada, wanda kakansa ya zo daga Bida, yake neman tallafin karatu, aka ce ya kawo takardar shaidar ɗan asalin jiha.

"Wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, ai ita ma takarda ce."

"Soweto ta Afirka ta Kudu kuka ce min. Me ya kawo Tudun Wada?"

Ya zare jan biro ya ja layi tun daga sama har ƙasa. Bai sani ba, yaron nan ni ne.

Daren wasa, da na iso wurin sai bakina ya ƙi wucewa. Na tsaya. Na laluba aljihun dama, na laluba na hagu, na ɗaga tafin hannu wayam. Ban ce uffan ba, balle a ce na karya doka. Can baya wani dattijo ya ɗaga murya: "Kai ɗan ina ne?"

Zaure ya ɗauki shewa. Jami'in na zaune a layin gaba, hannu a haɓa.

Kwana biyu sai ga masinja da ambulan a ƙofar gidanmu, kuma hannun Baba ta faɗa. Mu haɗu mako mai zuwa.